Wayar Inna

Talata, 26 ga Disamba, bayan La'asar

Da boko nake rubuta wannan saboda a gidan nan babu mai karanta shi sai ni. Manal, matata, da Larabci ta tashi, Hausarta ta gaisuwa ce da ta kicin. 'Yarmu Hadil ko wannan ba ta da ita.

Inna tana asibiti tun daren Lahadi. Jalɗa ce, in ji likita, jini ne ya daskare ya toshe wata hanya a ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Idonta dai biyu. Duk wanda ya shigo sai ta bi shi da kallo har ya zauna.

Manal ce ta same ta. Sun dawo daga bikin 'yar baffanta wajen ƙarfe uku na dare, ta leƙa ɗakin Inna kamar yadda ta saba, ta tarar da ita a ƙasa tsakanin gado da ƙofar banɗaki. Ni ina sama ina barci. Ihunta ne ya tashe ni.

Likitan ya tambaye ni yaushe aka yi mata ganin ƙarshe tana lafiya. Na ce bayan Isha'i, da na kai mata shayi. Ya ce daga nan fa? Na ce ban ji komai ba. Ya rubuta. Ya ce akwai allurar da ke narkar da jinin, amma sai a cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma tunda ba a san sa'ar da abin ya fara ba, ba za su iya yi mata ba.

Ban ji komai ba. Haka na faɗa wa likita, haka na faɗa wa Yaya Aishatu da ta iso daga Jidda, haka na faɗa wa maƙwabtanmu na unguwar Zahir a nan Makka da suka cika falo jiya.

Laraba, 27 ga Disamba, a wurin aiki, lokacin cin abinci

Saƙo goma sha ɗaya daga Nu'uman. Ban buɗe ba sai yanzu.

Nu'uman ɗan Kano ne, ɗaki ɗaya muka zauna a Detroit shekara huɗu lokacin da nake karatun injiniya. Shi ya koya mini rubutun boko, shi kuma ya ja ni kallon ƙwallon Amurka. Ƙungiyar garin, Lions, wato Zakuna, a shekarar da na fara binta wasa goma sha shida ta buga, ta faɗi duka goma sha shidan. Ban san abin da ya sa na maƙale mata ba. Na dawo Makka da rigarta mai ruwan shuɗi, na ci gaba da bin ta shekara goma sha biyar ana kayar da mu. Inna kokawar masu hular kwano take ce wa wasan. Duk safiyar Litinin sai ta tare ni da dariya: "Auta, jiya ma an kayar da ku?"

Ranar Lahadin nan ba a kayar da mu ba. Mun ci Minnesota 30 da 24, mun zama na ɗaya a rukuninmu, abin da rabon a gani shekara talatin. Nu'uman ya turo hotonsa yana kuka, ƙato da shi, ga furfura a gemu.

Na mayar masa da alamar babban yatsa. Ban gaya masa zancen Inna ba.

Alhamis, 28 ga Disamba, bayan Magariba

Yaya Aishatu ta fara neman wayar Inna. Ƙaramar waya ce mai maɓallai, a cikin 'yar jakar saƙa da take ratayawa a wuya ko barci za ta yi. Jakar tana wuyanta da aka kawo ta asibiti, amma babu komai a ciki.

Yaya ta ce da wayar na jikinta ai da ta kira ni, tunda hannun hagu lafiyarsa ƙalau, kuma lambata ce a maɓalli na ɗaya. Ta juya ta dubi Manal ta ce wa ya cire ta.

Manal ta ce ita ta sa ta a caji da rana, a kicin. Ta ce tana jin ta mayar mata kafin su fita. Yaya ta ce tana ji ne ko ta tabbata? Manal ta ce ana ta sauri, ga kitson Hadil, ga mai mota yana jira, ba za ta iya rantsuwa ba.

Sun dawo gida sun birkice kicin, sun ɗaga katifar Inna, sun zazzage kwandon shara. Na taya su nema. Har bayan firji na ja.

Lahadi, 31 ga Disamba, da safe

Dallas ta ci mu 20 da 19. Ban kalla ba, sakamakon kawai na gani. Sai na ji wani sanyi a raina da suka faɗi.

Talata, 2 ga Janairu, bayan Azahar

Manal ta fara azumi. Ta ce nafila ce. Da ta sha ruwa da dabino uku sai ta ce ta ƙoshi. Jiya ta sa na sauke ta a Harami, ta yi ɗawafi ita kaɗai, ta fito idonta a kumbure.

A mota ta ce mini shekara goma sha ɗaya Inna ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce ita ta koya mata tuwo da miyar kuka, ita ta zauna da ita kwana arba'in da ta haifi Hadil. "Ni kuma na tafi biki na bar ta ba waya, Abu Hadil. Awa nawa ta yi a kan tayil ɗin nan tana laluben wuyanta?"

Na ce ƙaddara ce. Na ce kada ta ɗora wa kanta abin da Allah ya rubuta. Bakina bai ko yi rawa ba.

Gwiwarta tana jingine da akwatin gaban mota duk tsawon hanyar.

Alhamis, 4 ga Janairu, da hantsi

Na ce wa Manal makullin akwatin gaban motar ya lalace, kada ta wahalar da kanta wajen buɗewa.

Litinin, 8 ga Janairu, bayan Azahar

Na yi niyyar daina kallon wasan. Amma jiya ina zaune a barandar asibiti, Yaya tana ciki tana shafa wa Inna mai a ƙafa, sai na ga hannuna ya ciro wayata. Na kashe sauti na kalla har ƙarshe. Minnesota ce kuma, 30 da 20. An rufe wasannin kaka da nasara goma sha biyu, faɗuwa biyar. Yanzu sai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wanda aka ci ya tafi gida.

Da aka tsallaka layi da ƙwallo na ji ƙafata ta buga ƙasa da kanta. Wani tsoho ɗan Yaman da ke jiran ɗansa ya dube ni ya ce albishir ne? Na ce eh. Ya ce Allah ya ƙara wa mara lafiyarku sauƙi.

Laraba, 10 ga Janairu, bayan La'asar

Mai koyar da magana tana zuwa kullum. Inna ta dawo da kalma biyu, "Allah" da "a'a". Da su take yin komai.

Yau muna zaune mu uku a gefen gadonta, sai ta ɗaga hannun hagu a hankali, ta dunƙule shi, ta kai kunne. Ta riƙe shi a nan. Yaya ta ce wayyo, wayarta take tambaya. Manal ta tashi ta fita da gudu, mayafinta a baki.

Yaya ta bi ta da harara, don haka ba ta ga inda Inna take kallo ba. Ba ƙofa take kallo ba. Hannun yana kunnenta har na sunkuyar da kai.

Asabar, 13 ga Janairu, da Asuba

Ɗaya ga Rajab. Liman ya yi doguwar sujada. Na rasa abin da zan roƙa wanda ba zai tona ni ba.

Lahadi, 14 ga Janairu, bayan La'asar

Na yanke shawara. Gobe kafin Asuba za mu kara da Los Angeles. In aka ci mu, a ranar zan faɗa wa Manal, in faɗa wa Yaya. In muka ci, sai wasa na gaba.

Na san wannan ba tuba ba ce. Na san abin da malam zai kira shi. Amma shekara talatin da biyu ƙungiyar nan ba ta tsallake wannan zagaye ba, don haka kusan alkawari ne na ɗauka. Haka na gaya wa kaina.

Litinin, 15 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

24 da 23. Da maki ɗaya muka tsira.

Na yi murna iri biyu, ta biyun ta fi ta farkon ƙarfi. Na shiga banɗakin otal ɗin da nake aiki na wanke fuska sau uku kafin na iya hawa duba injinan sanyi.

Alhamis, 18 ga Janairu, bayan Isha'i

Likita ya ce mako mai zuwa za a sallami Inna. Yaya ta ce Jidda za ta tafi da ita. Ta faɗa a gaban Manal, da Hausa, a hankali yadda za ta gane kowace kalma: ita ba za ta sake barin uwarta a hannun wanda biki ya fi masa ita ba.

Manal ba ta kare kanta ba. Ta ce Yaya tana da gaskiya.

Ni na ce a yi haƙuri, a bar maganar sai an huce. Na ce Inna shekara sittin tana Makka, a nan ta binne Baba, raba ta da jin kiran sallar Harami wani ciwon ne. Yaya ta ce ni dai na cika sanyi, matata ta gama da ni. Aka tsaya a kan Inna za ta dawo gida, Yaya ta zauna da mu wata ɗaya ta ga kamun ludayin kowa.

Manal ta yi mini godiya da na tsaya mata.

Asabar, 20 ga Janairu, da rana, a cikin mota

Na buɗe akwatin. Na ciro wayar Inna, na sa mata caji a nan cikin motar, ta kawo wuta.

Kira huɗu ne, duk zuwa lambata. Ƙarfe 9:41, 9:43, 9:52, sai 10:20.

A tawa wayar na goge su tun a daren, a tsaye a ƙofar ɗakin gaggawa. A tata na kasa. Na farkon na gan shi da idona, sunanta ya fito a kan allo, na ture shi da yatsa. Zakuna suna gab da layin Minnesota a lokacin. Sauran ukun ban gani ba, don na riga na kife wayar, abin sauraro yana kunnuwana biyu.

Abin da ya hana ni sakat shi ne tsakanin 9:52 da 10:20. Minti ashirin da takwas. Me take yi a cikinsu? Jira take in sauko? Ko hannun ne ya gaji ta huta?

Da aka tashi wasan na wuce ta ƙofarta na hau sama. Fitilarta a kashe. Na ce ta yi barci.

A ƙarƙashin cinyarta na ga wayar lokacin da nake ƙoƙarin ɗaga ta, Manal ta tafi buɗe wa masu motar asibiti ƙofa. Na zura ta a aljihu, ban yi tunani ba. Ko kuwa na yi, da sauri ƙwarai.

Litinin, 22 ga Janairu, bayan Azahar

Mun ci Tampa 31 da 23. Saura wasa ɗaya mu kai na ƙarshe, wanda ƙungiyar ba ta taɓa zuwa ba tun da aka fara shi.

Nu'uman ya gaji da saƙo ya kira. Ya ce wai lafiya, kakar da muka jira rabin rayuwarmu ta zo ni kuma na zama kurma? A daren Minnesota tare muka kalla, yana Detroit ina nan, muna hira ta kwamfuta. Na ce masa Inna ce ba lafiya. Ya yi salati, ya ce tun yaushe? Na ce tun ranar Minnesota ta farko.

Ya ce ba ranar ce aka kira ni muna tare ba, na ce masa Inna ce, bari sai an tafi hutun rabin lokaci?

Na ce ita ce.

"Lurwanu, ka kira ta?"

Na ce layin yana yankewa, zan neme shi anjima.

Alhamis, 25 ga Janairu, bayan Magariba

Inna ta dawo gida a keken guragu. Manal ta wanke ɗakin, ta turara shi, ta sa an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki.

Da aka kwantar da ita, Manal ta durƙusa a gaban gadon ta kama ƙafarta. Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Inna, ki yafe mini. Ni na ɗauke waya. Ni ce."

Inna ta ce a'a. Ta sake cewa a'a, da ƙarfi, har miyau ya zubo mata. Yaya ta ce to kin ji, a bar ta ta huta, ba a tilasta wa mutum yafiya.

Ina tsaye a bakin ƙofa da jakar magunguna.

Litinin, 29 ga Janairu, bayan Asuba

Da aka tafi hutun rabin lokaci muna gaban San Francisco 24 da 7. Na ce shi ke nan, na sami ƙarin mako biyu. Har na tashi na haɗa shayi.

Aka dawo, komai ya zube. Ƙwallo ta suɓuce, aka jefa wata ta faɗi daga hannu, suka rama, suka wuce. 34 da 31. Kaka ta ƙare.

Yau ce ranar da na ce.

Talata, 30 ga Janairu, da yamma

Ban faɗa ba.

Laraba, 31 ga Janairu, bayan La'asar

Manal ta sayo wa Inna sabuwar waya mai manyan maɓallai, ta saƙa mata sabuwar jaka da hannunta, kwana uku tana yi. Ta zauna a bakin gado tana nuna mata. Ta ce ta danna na ɗaya kawai, Abu Hadil zai ɗauka ko yana ina, shi ba ya ƙin ɗaukar wayarta.

Inna ta ture wayar da bayan hannu, ta faɗi ƙasa murfin ya fita.

Manal ta tsuguna tana tattarawa. Ba ta yi kuka ba, wannan ne ya fi tsorata ni. Ta ce da ni a hankali da Larabci, ta gane, daga hannunta ne Inna ba ta so. Ta ce gobe in ba ta da kaina, in ce ni na saya.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ban je aiki ba. Da Hadil ta tafi makaranta na kira Manal cikin mota, na buɗe akwatin na miƙa mata. Na ce ta duba kiran da aka yi na ƙarshe.

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Na faɗi sauran, ban rage komai ba, har shayin da na kai wa Inna da wuri don kada ta neme ni in an fara wasa.

Ta tambaye ni abu ɗaya. Ranar da na ja firji, na san inda wayar take?

Na ce na sani.

Ta ce rashin ɗaukar kiran, wannan tsakanina da Inna ne da Allah, kowa yana iya shagala. "Amma kwana talatin kana kallona ina azumi. Kai kake kawo mini dabinon."

Ta shiga gida ta haɗa jaka ɗaya. Ta shiga wurin Inna ta sumbaci goshinta, ta canza mata zanen gado, ta nuna wa Yaya jadawalin magani. Ta ce babanta ne ba ya jin daɗi. Ta biya makaranta ta ɗauki Hadil.

Juma'a, 2 ga Fabrairu, bayan an sauko daga masallaci

Na faɗa wa Yaya a kicin. Na zaci za ta mare ni, na ma so ta yi. Sai ta zauna a kan buhun shinkafa ta rufe fuska. Da ta buɗe, ba maganata ta yi ba. Ta ce, "Ni da wane ido zan kalli yarinyar nan?" Ta kira Manal sau biyar ba a ɗauka ba. Tun daga nan ba ta sake ce mini uffan ba, abincina a kan tebur take bari.

Na shiga wurin Inna na rufe ƙofa. Na durƙusa inda Manal ta durƙusa. Na ce Inna, na ga kiranki, ƙwallo nake kallo. Na ce ni na ɓoye wayar.

Ba ta ce a'a ba. Ba ta ce Allah ba. Ta dube ni irin kallon da take yi mini ina yaro in na dawo da riga a yage, sannan ta juya fuskarta bango.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, da safe

Na rubuta wa Nu'uman amsar tambayarsa. Kalma uku: ban kira ba.

Talata, 6 ga Fabrairu, bayan Azahar

Ni nake ba Inna kunu yanzu, Yaya bayanta ya riƙe saboda ɗagawa. Tana karɓa daga hannuna amma ba ta kallona.

Yau a cokali na huɗu ta rufe baki. Ta kama hannun rigata. Ta yi ta kokawa da harshenta, jijiyar wuyanta ta tashi, na ce ta bari kada ta wahala. Ba ta bari ba. Abin da ya fito a ƙarshe guntu biyu ne, na ji su sarai.

"Ɗauko ta."

Laraba, 7 ga Fabrairu, bayan La'asar

Na je gidan iyayen Manal. Babanta ya bar ni a tsaye a falo kusan rabin awa, bai ce in zauna ba, kuma daidai ne. Na maimaita komai a gabansa da gaban mamarta. Manal tana bayan labule. Na ce ba ni na aiko kaina ba, Inna ce, kuma ita ce magana ta farko da ta haɗa tun da ta faɗi.

Ba ta fito ba. Hadil ce ta fito ta rungume ni, ta tambaye ni ko Zakuna sun ci kofin. Na ce an fitar da su.

Asabar, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Manal ta dawo jiya da yamma, ƙanenta ya kawo ta. Yaya ta tare ta a tsakar gida, suka daɗe a rungume, Yaya ce mai kukan. A ɗakin Inna ta shimfiɗa katifa. Ta gaya wa Yaya, ba ni ba, cewa don Inna ta zo, sauran magana sai Inna ta miƙe.

Likita bai ce za ta miƙe ba.

Da safen nan za a juya Inna a gyara mata shimfiɗa, aikin mutum biyu ne. Ina tsaye a baranda ban san ko in shiga ba. Manal ta riga ta sa hannu a ƙarƙashin ƙugunta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Lurwanu, kama kafaɗar. A hankali, ɓarin nan ba ta jin sa."

Tun da aka haifi Hadil ba ta kira ni da sunana ba. Na shiga na kama kafaɗar, ta ƙirga uku, muka ɗaga.